Lambun Da Ba Ya Shan Ruwa Da Yawa: Renon Kaktus, Ƙariya Da Furanni Masu Yaɗo A Ƙasar Illela

GABATARWA

 An shirya wannan ɗan littafi ne domin a yi bayanin wani irin lambu wanda mutum zai iya reno don sha'awa a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu. An ɗauki Illela ta zama abin misali sabo da dalilai biyu.

Na farko, Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a wurin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, watau daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin shekara sai hunturu da bazara, kuma a watan Afrilu zafi ya kan haura digiri 40. Duk furen da zai ce sai an ba shi guga biyu safe da yamma, to ya shiga rabon ruwa da mutane da dabbobi ke nan, kuma ba mai hankalin da zai goyi bayansa.

Na biyu, Illela bakin iyaka ce. Tsakaninta da Birnin Ƙonni 'yar tafiya ce kaɗan, kasuwarta kuwa tana tara mutanen ƙasashe biyu. Abin da ya ƙetare iyaka a cikin tukunya ko a cikin buhu, idonku zai fara gani kafin na hukumar birni.

Maganar da wannan littafi ke son ya tabbatar ita ce: sanin wannan lambu yana hannun manomanmu tun kaka da kakanni. Wanda ya taɓa kafa shingen aguwa ya riga ya san rabin aikin. Sauran rabin shi za mu bayyana, tare da hatsari biyu da ke cikinsa, watau dafi da yaɗuwar baƙon tsiro.

1. KAKTUS DA MASU KAMA DA SHI NA GIDA

Kaktus na ainihi baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, tun daga Kanada har ƙarshen Ajantina, kuma ƙasar Meziko ta fi ko wace yawan ire-irensa. Masana sun ƙidaya iri fiye da 1,500. Wani ƙarami ne kamar goro, wani zagayayye kamar ƙwarya, wani kuwa ya kan yi tsawon giginya.

A ƙasar Hausa muna da tsirrai waɗanda su ka yi kama da shi ƙwarai, har mutane na haɗa su a suna ɗaya, alhali ba dangi ba ne. Akwai aguwa, wadda Sakkwatawa ke kira aliyara, wadda a ke shinge gona da ita. Akwai ƙyarana, mai rassa masu kusurwa da ƙaya, wadda mutanen ƙasar Jos ke kewaye gidajensu da ita. Akwai tinya, mai kaurin reshe, wadda ta fi son wuraren duwatsu. Waɗannan uku dangin rogo ne da zurma da bini-da-zugu. Sa'an nan akwai ƙariya mai jan fure da kumburarren gindi, da karan masallaci. Su kuma dangin tumfafiya ne da yaɗiya. Likitan nan Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayensu cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa a 1916, kuma sunansa ne masana su ka laƙaba wa karan masallaci a cikin littattafan ilmin tsirrai.

Ga yadda za a rarrabe. A tsaga jikin tsiron kaɗan da tsinke. In farin ruwa kamar nono ya tsatso, galibi namu ne na gida, dangin aguwa. Sa'an nan a dubi inda ƙaya ke fitowa. Ƙayar kaktus tana tsirowa ne a dunƙule daga kan wani ɗan tudu mai gashi, kamar ƙaramin matashi. Ƙayar ƙyarana kuwa biyu-biyu ta ke fitowa daga jikin reshen, ba wani gashi. Wannan rarrabewa tana da amfani, domin za mu sake bukatarta a wajen aure da wajen maganar dafi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ajiye ruwa a jiki. Kaktus ya mai da ganyensa ƙaya, jikinsa ya zama randa. Bayan haka, ƙofofin numfashinsa, waɗanda ido ba ya gani, a rufe su ke da rana. Sai dare ya yi sanyi ya buɗe su. Ta haka ruwan da ya ke asara kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na dawa ko tumatir. Aguwa da ƙariya kuma su kan zubar da ganye da rani, su zauna da abin da su ka tara.

2. ƘASA, TUKUNYA DA BAN RUWA

Yawancin waɗanda su ka fara wannan reno, ruwa ne ke kashe musu tsiro. Mai rubuta wannan littafi ma haka ya yi da tukwanensa uku na farko: ya bi su da buta kullum don ƙauna, kafin wata guda gindinsu ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen kabewa. In saiwa ta kwana biyu cikin laka, ruɓewa ta ke yi, kuma ba a ganin alama a sama sai aiki ya riga ya ɓaci.

Sabo da haka a haɗa ƙasa wadda ruwa zai ratsa ta nan da nan. A sami yashi mai tsakuwa-tsakuwa kashi biyu, ƙasar jigawa kashi ɗaya, da tsohon taki wanda ya ruɓe sarai ya zama gari kashi ɗaya. In an sami garin gawayi ko ɓarɓashin marmara a ƙara. Kada a yi amfani da baƙar ƙasar fadama, domin tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta ƙanƙame saiwa.

Tukunyar ƙasa ta gida ta fi ko wace. Tana numfashi, ba ta ɗaukar zafi kamar gwangwani ko baƙar roba, waɗanda ke dafa saiwa da bazara. Fasasshen tulu da tsohon kasko duk sun isa. Lalle ne a huda gindin, a rufe hujin da katanga ɗaya domin kada ƙasa ta zube.

Ƙa'idar ban ruwa guda ce: a ba shi ya ƙoshi har ruwa ya ɗiga ta ƙasa, sa'an nan a bar shi sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf. A tsoma tsinke har gindin tukunya. In ya fito da danshi, a dakata. Da bazara sau ɗaya a mako ya kan isa. Da hunturu a rage ƙwarai, domin lokacin hutunsu ne. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ke sauka a kai a kai, a jawo tukwanen ƙarƙashin rumfa. Ƙananan kaktus na tukunya suna son hasken safe, amma ranar azahar ta Afrilu ta kan ƙone su. Gindin bishiyar dogon-yaro mai tsaka-tsakin inuwa ya dace da su. Aguwa da ƙariya kam 'yan gida ne, rana ba ta dame su ba.

Akwai wani ɗan farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga wanda ke maƙalewa a lungunan tsiron yana tsotsarsa. A goge shi da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, ko a fesa masa ruwan dakakkun 'ya'yan dogon-yaro da yamma. Awaki kuma ba su san abin ado ba, sai an killace.

3. DASHEN RESHE DA SHUKAR IRI

A nan ne za mu koma makarantar manomi. Mai shingen aguwa ba ya jiran tsakiyar damina. Da bazara ya ke saran rassa masu tsawon kamu ɗaya ko biyu, ya bar su su sha iska, ya kafa su cikin busasshiyar ƙasa. Kafin ruwan farko ya sauka miki ya warke, da danshi ya zo sai saiwa ta fito. Da irin wannan dabara a ke tsare tudun yashi a ƙasar Nijar da Muritaniya. Ita ce kuma dabarar dasa kaktus, ba bambanci.

Ga yadda a ke yi:

(a) A zaɓi lafiyayyen reshe, ko ɗan da ya fito a gefen uwa. A yanke da wuƙa mai kaifi wadda a ka ƙona bakinta a wuta ta huce.

(b) A ajiye shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, har mikin ya bushe ya yi ɓawo. Siririn reshe kwana uku zuwa biyar, mai kauri mako ɗaya ko biyu. Wasu su kan barbaɗa toka ko garin gawayi a kan mikin.

(c) A kafa shi cikin busasshen yashi, zurfin da zai tsaya da ƙafarsa kawai. In yana faɗuwa a tokare shi da kara.

(d) Kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda, sa'an nan ma yayyafi. In an ja shi a hankali an ji ya riƙe ƙasa, saiwa ta fito.

Shukar iri ta fi cin lokaci, amma ga ƙariya tana da lada. Hausawa na cewa ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya, kuma wanda ya ga ƙariya a bakin zaure ta cika da fure da rani, ba ganye ba 'ya'ya, zai gane inda maganar ta samo ƙarfinta. Amma a gaskiya tana yin 'ya'ya, galibi in an sami tushe biyu kusa da juna waɗanda ba daga uwa ɗaya a ka yanko su ba. 'Ya'yan biyu-biyu su ke fitowa kamar ƙahonin sa. In sun nuna sai su tsage, iri mai gashi irin na tumfafiya ya bi iska. Don haka a ɗaure su da zare tun kafin su tsage. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a rufe shi da yashi kaɗan. Sabon iri ya kan tsiro cikin mako guda. Ƙariyar da ta tashi daga iri ita ke yin gindin nan mai kama da tulu wanda masu sha'awa ke nema. Wadda a ka dasa daga reshe ta kan daɗe ba ta yi shi ba.

4. AUREN TSIRO

Ko wane mai lambu ya san mangwaro mai aure. Auren kaktus ya fi na mangwaro sauƙi nesa, domin jikinsa taushi gare shi, ba ɓawon da za a feƙe. Ana yinsa ne domin a ɗora mai kyau marar ƙarfi a kan mai ƙarfi marar kyau, ko domin a ceci kan tsiron da gindinsa ya fara ruɓewa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ɗan kaktus ɗin nan ja ko rawaya, mai kama da ƙwallo a kan koren sanda, wanda masu sayar da fure a manyan birane ke ajiyewa. Tsiro biyu ne. Na saman a ƙasar Japan a ka fara samo shi a cikin shekarun 1940. Ba shi da koren nan da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, sabo da haka in an raba shi da na ƙasan, yunwa za ta kashe shi. Koriya ta Kudu ta shahara da fitar da shi zuwa ƙasashen duniya. Wanda ya saya ya sani ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne, sai dai a sake masa sabon gindi.

Sharaɗin farko shi ne dangantaka. Kaktus a kan kaktus, ƙariya a kan ƙariya, dangin ƙyarana a kan danginsu. Wanda ya ɗora kaktus a kan ƙyarana don ya ga sun yi kama, ya ɓata duka biyu.

Ga aikin daki-daki:

(a) A zaɓi gindi mai saiwa, wanda ke cikin girma. A ba shi ruwa kwana biyu ko uku kafin ranar aiki.

(b) Da sabuwar reza a yanke kansa a kwance, yanka ɗaya, kada a yi ta goga. A ɗan feƙe gefen yankan ya gangara, domin in tsakiya ta bushe ta lotsa kada busasshiyar fata ta ture kan da a ka ɗora.

(c) A yanke ƙasan kan da za a ɗora, shi ma a kwance.

(d) A dubi fuskar yankan biyu. A tsakiyar ko wanne za a ga wani ɗan zobe. Ta nan ruwa da abinci ke bi. Sai zoben biyu sun haɗu, ko da a gefe ɗaya ne, aure zai kama. In zobe ɗaya ya fi ɗaya girma, a gusa kan gefe har layukan su gitta juna. Wanda ya ɗora ƙaramin zobe daidai tsakiyar babba, ba su taɓa juna ba ke nan. Nan ne yawancin masu koyo ke kuskure.

(e) A yi sauri tun yankan bai bushe ba. A ɗora, a ɗan murza don iska ta fita, a ɗaure da siririyar roba irin ta ɗaure kuɗi, guda biyu a gicciye, ta bi ta saman kai ta zaga ƙarƙashin tukunya.

(f) A ajiye a inuwa, kada ruwa ya taɓa wurin haɗin. Bayan kwana goma ko mako biyu a cire robar.

Ƙarshen bazara zuwa farkon damina, da kuma kaka, sun fi dacewa. Iskar hunturu ta kan busar da yanka kafin ya kama, danshin Agusta kuwa ya kan ruɓar da shi.

Ita ƙariya, masu lambu a ƙasashen Tailan da Taiwan sun fitar da ire-ire masu farin fure, da ja wur, da masu ninki. Irinsu ba ya maimaita kamar uwa, sai ta hanyar aure. A tsaga reshen ƙariyarmu ta gida a tsakiya zurfin inci ɗaya, a feƙe reshen baƙuwar ta fuska biyu kamar bakin gatari, a cusa shi har fatar biyu ta daidaita a gefe ɗaya. A naɗe da tsagin leda, a kifa wata ledar a kai, a bar shi a inuwa mako biyu. Tushe ɗaya na iya ɗaukar launi uku.

5. FURANNI MASU YAƊO

Kaktus abin kallo ne, amma ba ya ba da inuwa. Fure mai yaɗo shi ke rufe rumfa, mutane su zauna ƙarƙashinsa.

Sarkinsu a ƙasa mai zafi shi ne bugambiliya, mai ƙayar nan da ke lulluɓe katangun makarantu da gidajen gwamnati da ja ko shuɗi-shuɗi ko fari. Daga Amurka ta Kudu ta fito. Masanin tsirrai Commerson ne ya rubuta ta a Barazil a 1767, cikin tafiyar jirgin ruwan Faransa da Bougainville ya shugabanta, a ka sa mata sunan shugaban. Abin da mu ke gani mai launi ganye ne guda uku da su ka rikiɗe. Furen ainihi shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Halinta ya dace da mu: in an cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye, in an ɗan ƙishirtar da ita cikin rana sai ta cika da launi. Amma shekararta ta farko da ta biyu tana bukatar ban ruwa har saiwa ta nutsa.

Ana dasa ta daga reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, wanda ya fara ƙwari. A cire ganyen ƙasa, a kafa rabinsa cikin yashi mai danshi a leda, a ajiye a inuwa. A nan ba a jiran miki ya bushe kamar na kaktus. A lura da wannan bambanci. Ya kan yi wata ɗaya ko biyu kafin ya yi saiwa, kuma ba duka ke kamawa ba, don haka a kafa goma in ana son uku. Hanyar da ta fi tabbas ita ce kwantarwa: a lanƙwaso reshen da ke jikin uwa, a ɗan kankare ƙasansa, a turbuɗe wurin, a danne da dutse, a bar kansa a waje. In ya yi saiwa a yanke shi daga uwa. Wajen dasawa a tsaga ledar da reza, kada a fasa dunƙulen ƙasar, domin saiwarta ba ta son taɓi.

Akwai wani mai yaɗo daga ƙasashen Asiya wanda furensa ke buɗewa fari, ya koma ja-ja, sa'an nan ya zama ja sosai, yana ƙamshi da maraice. Ya fi bugambiliya son ruwa, kuma ana samun dashensa daga 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsa. Akwai kuma na Meziko mai ƙananan jajayen furanni a jere, wanda zuma ke so. Shi wannan ya kan zubar da iri da yawa ya mamaye wuri, sai da datsewa.

Kada a raina na gida. Yaɗiya tana zama kore har cikin rani, ga ta abin ci. Soso yana rufe rumfa cikin damina ɗaya da rawayan fure, garafuni kuma da jajayen 'ya'ya.

Ruwan da za a ba su yana nan yana zuba a banza. A ƙofar ko wane masallaci akwai wurin alwala; in an ja 'yar hanya daga nan zuwa gindin dashe guda, ya wadatu ba tare da an ɗebo guga ko ɗaya dominsa ba. Sai dai kada a bar mai yaɗo ya hau katangar ƙasa. Yana riƙe danshi, yana ɓoye gara da maciji. A kafa masa rumfarsa ta azara ko ƙarfe, taku biyu ko uku daga bango.

6. MAGANAR DAFI

Wannan babi ya kamata magatakarda su karanta wa jama'a da babbar murya. Farin ruwan tinya da na ƙyarana yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Na aguwa ya fi sauƙi, amma shi ma ba abin sa wa ido ba ne. Ƙariya duk jikinta dafi ne mai taɓa zuciya. Da ita maharba a wurare da dama na Afirka ke haɗa dafin kibiya. Baurera, mai yaɗon nan na damina mai fure kamar harshen wuta, wadda ƙasar Zimbabwe ta ɗauka furen ƙasa, saiwarta ta yi kama da abin ci, alhali tana kisa. Haka 'ya'yan idon zakara, waɗanda yara ke sha'awa don kyansu.

Sabo da haka mai yanka ya juya wa iska baya, ya sa leda a hannu, ya wanke hannu da wuƙa da sabulu in ya gama. In ruwan ya faɗa ido kada a murza. A yi ta zuba ruwa mai tsabta har tsawon minti ashirin, sa'an nan a tafi asibiti ba da jinkiri ba. Yaro ko dabbar da ta ci ɗaya daga cikinsu, a nemi likita nan take, a tafi da guntun tsiron. Tinya da ƙyarana da baurera ba su dace da filin makaranta ba.

7. ABIN DA KE ƘETARE IYAKA

Akwai wani kaktus mai rassa fale-fale kamar faifai, ɗaya a kan ɗaya, mai 'ya'ya masu zaƙi. A arewa maso gabashin Barazil ana noman marar ƙayarsa don ciyar da shanu, a Tigray ta ƙasar Habasha kuma 'ya'yansa abinci ne na lokacin yunwa. Amma mai ƙayarsa ya taɓa cin ƙasa guda. An kai shi Ostareliya don shinge da ado. Ko wane faifai da ya faɗi ƙasa sai ya tsiro, tsuntsaye kuma su ka watsa irinsa. Kafin 1925 ya rufe kimanin eka miliyan 60 a jihohin Queensland da New South Wales, manoma da makiyaya su ka bar gonakinsu. Sai da a ka kawo wata tsutsa daga Ajantina, a ka sake ta a 1926, kana a ka ci ƙarfinsa cikin 'yan shekaru. Har zauren taro a ka gina don tunawa da ita a wani ƙauye mai suna Boonarga. A yankin Laikipia na Kenya irin wannan kaktus ya mamaye makiyaya, ƙananan ƙayoyinsa suna lalata bakin tumaki da awaki da idanunsu.

Ƙwari ma su kan biyo tsiro. A 2014 a ka gano wani farin ƙwaro mai jan jini a gonakin kaktus na Maroko, cikin 'yan shekaru ya hallaka gonaki masu yawa waɗanda talakawa ke ci daga gare su.

Darasi ga garin da ke da burtali da kasuwar dabbobi a bayyane ya ke. Kaktus mai faifai mai ƙaya ya zauna a tukunya, kada a yi shinge da shi a bakin gona ko hanyar shanu. Aguwa da dashi sun ishe mu shinge. Guntayen da a ka datse a shanya su a kan dutse su bushe, a ƙone. Kada a zubar a juji ko a kwazazzabo, inda ruwa zai kwashe su zuwa fadama.

Har wa yau akwai doka. Shigo da tsiro mai rai daga wata ƙasa yana bukatar izni da bincike daga hukumar tarayya mai kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke shiga da fita, wadda a ke kira NAQS a taƙaice. Kuma kusan dukan kaktus suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda a ka ƙulla a 1973 don kare tsirrai da namun daji daga cinikin da zai ƙarar da su. Nijeriya da Nijar duka suna cikinta.

8. ABIN DA A KE ROƘO

Abubuwan da ke biye shawara ce, kuma ku ne ku ka fi sanin ƙasarku.

Ga hakimai: in an ga tukwane huɗu da rumfar fure a ƙofar fada, dagatai da masu unguwa za su kwaikwaya ba sai an yi shela ba. A fara da na gida, watau ƙariya da karan masallaci da yaɗiya, sa'an nan bugambiliya. A hana tumɓuke manyan ƙariya daga daji don sayarwa, domin tushen da ya shekara talatin yana girma ba ya dawowa da wuri, alhali reshe ɗaya ko iri ya isa. In an ga baƙon kaktus ya fara yaɗuwa da kansa a makiyaya, a sanar da malamin gona ko malamin daji na Ƙaramar Hukuma tun yana kaɗan.

Ga magatakarda: a keɓe 'yan shafuka a littafi. A rubuta sunan tsiro, da inda a ka samo shi, da ranar dashe ko aure, da guda nawa su ka kama. Bayan damina biyu wannan littafi zai gaya muku watan da ya fi dacewa da ƙasarku, fiye da yadda wani ɗan littafi daga birni zai iya. Wanda hannunsa ya faɗa da auren kaktus da ƙariya kuwa, a tura shi ya koyi na mangwaro da lemo, domin wuƙa ɗaya ce da haƙuri ɗaya.